Aro Ne Ko Sata? Shari'ar Da Ta Shafi Wayoyin Da Ke Cikin Shagunanmu

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar atamfa, ko a Kantin Kwari ne ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya san yadda abin yake. Kamfani zai fito da sabon zane, mata su raɗa masa suna, kasuwarsa ta buɗe. Ba a daɗewa sai ga irinsa ya shigo daga wata ƙasa, launi ɗaya, fure ɗaya, kuɗinsa bai kai na asalin ba ko kusa. Mai zane ya ce an sace masa gumi. Mai kwaikwayo ya ce ai fure da ganye ba wanda ya ƙirƙiro su, kowa na iya zana su. Mu kuma da ke tsakiya muna sayar da wannan muna sayar da wancan, sai ranar da jami'ai suka zo suka ɗauke dila guda suka bar ɗaya, sannan mu fara tambayar inda iyakar take.

To, irin wannan gardama ce ta sa manyan kamfanoni biyu na ƙasar Amurka, Oracle da Google, suka yi kusan shekara 11 suna jan juna a gaban alƙalai, daga watan Agusta na 2010 zuwa watan Afrilu na 2021. Diyyar da aka nema ta kai dalar Amurka biliyan 8.8, ba irin dalarmu ta sefa biyar ba. Abin da aka yi rigimar a kansa kuwa yana nan cikin aljihunmu da cikin gilasan shagunanmu, wato rubutun da ke tafiyar da manyan wayoyin salula masu Android, su Tecno da Infinix da Itel da Samsung, waɗanda muke ɗaukowa daga Kano ko Kotonu muna sayarwa a Ƙonni da Illela da Jibiya da Maigatari. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu wannan shari'a, da inda ta sa iyaka tsakanin aro da sata, da kuma abin da ya shafi ɗan kasuwa a ciki.

Me ake sacewa a cikin waya?

Waya ko kwamfuta ƙarfe ne da roba da gilashi kawai, ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. Wannan rubutu shi ake kira manhaja, wato jerin umarni, layi bayan layi, wanda ƙwararru ke zama su rubuta da wasu harsuna na musamman da na'ura ke ganewa. In ka taɓa hoton saƙo ya buɗe, ko ka tura kuɗi suka isa Damagaram kafin ka mayar da wayar aljihu, wani ne ya rubuta matakan da na'urar ta bi ɗaya bayan ɗaya. Babbar manhaja takan ƙunshi miliyoyin layuka, ta ci shekaru da albashin ma'aikata masu yawa. Amma kwafe ta ba ya ɗaukar lokacin shan shayi, kuma kwafin ba ya bambanta da asalin ko kaɗan. Mai kwaikwayon atamfa aƙalla sai ya sayi yadi da rini da inji. Mai kwafe manhaja ba ya sayen komai.

Dokokin duniya sun ɗauki manhaja tamkar littafi. Yarjejeniyar kasuwanci ta duniya da aka ƙulla a 1994, wadda ake kira TRIPS, ta faɗi haka ƙarara a sashe na 10. Sai dai sashe na 9 ya gindaya iyaka: kariyar tana kan yadda mutum ya rubuta abinsa ne, ba ta kai ga dabarar kanta ba, ko hanyar aiki, ko ƙa'idar lissafi. Alal misali, dabarar riƙe littafin bashi, a rubuta sunan wanda ya karɓi kaya a hagu, kuɗin da ake binsa a dama, ba mallakar kowa ba ce. Amma wanda ya zauna ya rubuta manhajar da ke yin wannan lissafi, layukan da ya rubuta nasa ne. Wani na iya ganin yadda take aiki ya je ya rubuta tasa, amma ba shi da ikon kwashe layukan wancan.

Labarai biyu na shekarun 1980 sun nuna gefe biyun a fili. A 1982 wani kamfani mai suna Franklin ya fito da kwamfuta mai aiki daidai da ta kamfanin Apple. Da aka bincika sai aka tarar ya kwafe manhajar Apple kusan baki ɗaya, har sunan wani ma'aikacin Apple da ke cikin rubutun yana nan ba a goge ba, kamar dai a kama atamfar jabu da hatimin masaƙar asali a bakinta. Franklin bai musa kwafin ba. Hujjarsa ita ce wai rubutun da na'ura kaɗai ke karantawa ba littafi ba ne. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da wannan hujja.

Wasu kuma suka bi wata hanyar. Kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, kowa na son ƙera irinta, amma akwai wata 'yar manhaja da ke tayar da na'urar in an kunna ta, wadda mallakar IBM ce. Sai kamfanin Phoenix ya raba aikin gida biyu. Wasu ma'aikata suka nazarci manhajar IBM suka rubuta bayanin abin da take yi kawai, wato in an ba ta kaza takan mayar da kaza. Aka miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin rubutun IBM da idonsa ba, ya rubuta sabo tun daga tushe. A 1984 Phoenix ya fara sayar da nasa ga masu ƙera kwamfuta, IBM kuwa bai sami abin kamawa ba. Ta irin wannan hanya, wadda kamfanin Compaq ma ya bi, kwamfutoci suka yawaita suka yi arha, har suka iso ofisoshinmu da shagunan buga takardu na bakin tasha.

Na Franklin sata ce, na Phoenix koyi ne. Rigimar Oracle da Google ta faɗo a tsakiyar biyun, shi ya sa ta yi wuyar rabawa.

Mafarin rigimar

A 1995 kamfanin Sun Microsystems na jihar Kalifoniya ya fito da wani harshen rubuta manhaja mai suna Java, wanda James Gosling ya jagoranci ƙirƙirarsa. Harshen kansa kowa na iya amfani da shi kyauta. Tare da shi kuma kamfanin ya tanadi wani babban rumbu na ayyukan da aka riga aka rubuta, don kada kowane mai rubutu ya riƙa maimaita wahalar da wani ya riga ya sha. Kowane aiki an ba shi suna, an kuma jera su rukuni-rukuni kamar yadda ake jera kasuwa, layin 'yan hatsi daban, na 'yan koli daban, na 'yan tireda daban. Wanda ke son na'ura ta gaya masa wadda ta fi girma cikin lambobi biyu ba sai ya rubuta lissafin ba, sai kawai ya faɗi rukunin da aikin yake, ya kira shi da sunansa, "max", aikin ya gudana. Waɗannan sunaye da tsarin jerinsu su ne masana ke kira API, mu kuma a nan za mu kira su kalmomin kira. A bayan kowace kalmar kira akwai ainihin rubutun da ke yin aikin, wanda mai kiran ba ya ma ganinsa.

Masu rubuta manhaja kimanin miliyan 6 ne suka koyi Java a lokacin da Google ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Android a 2005, na Andy Rubin da abokansa, da niyyar shiga harkar waya. Google ya san waya ba ta kasuwa sai da ƙananan manhajoji masu yawa a cikinta, masu rubuta su kuwa Java suka iya. Aka zauna ciniki da kamfanin Sun, ba a daidaita ba. Shi mai Java yana son duk abin da aka gina da harshensa ya yi aiki a kowace na'ura mai Java, Google kuma yana son ya ba masu ƙera waya Android kyauta, su sarrafa shi yadda suka ga dama. Da ciniki ya watse, Google ya sa injiniyoyi kimanin 100 suka yi fiye da shekara uku suna rubuta nasu. Ainihin rubutun da ke yin ayyukan su suka rubuta shi da hannunsu. Amma kalmomin kira na rukuni 37, da yadda aka jera su, sai suka ɗauko su daga Java yadda suke, layi kusan 11,500, domin wanda ya iya Java ya shigo Android ba tare da sabon karatu ba.

Da aka sanar da Android a watan Nuwamba na 2007, shugaban kamfanin Sun na lokacin, Jonathan Schwartz, murna ya taya Google a bainar jama'a. Wayar Android ta farko ta fito a 2008. Sai dai kamfanin nasa na fama da asara, kuma a watan Janairu na 2010 Oracle, kamfanin attajiri Larry Ellison, ya kammala sayensa a kan dala biliyan 7.4. Sabon mai gida bai kalli maganar da idon tsohon ba. Bayan wata bakwai ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke San Faransisko.

Yau ga wannan, gobe ga wancan

Alƙalin da shari'ar ta faɗa hannunsa, William Alsup, ya daɗe yana rubuta manhaja don sha'awa, ya kuma ƙara da nazarin Java saboda wannan shari'a. Hakan ya yi rana. Ban da kalmomin kira, an sami wasu layuka tara na ainihin rubutu da suka zo iri ɗaya a Java da Android. Wani injiniya ne mai suna Joshua Bloch, wanda ya yi aiki a Sun kafin ya koma Google, ya rubuta su a can ya sake sa su a nan. Da lauyan Oracle ya so kambama batun, alƙali ya gaya masa cewa shi kansa ya sha rubuta irin wannan, ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk da haka an tabbatar cewa kwafi ne, ko da yake ɓangarorin biyu sun amince ba za a biya komai a kansa ba. Darasin nan shi ne, abin da ka rubuta wa tsohon ubangidanka da albashinsa, nasa ne, ko da da hannunka ka rubuta shi.

Oracle ma yana da nasa makami. Ya gabatar da wata wasiƙa da wani injiniyan Google ya aika wa Andy Rubin a 2010, inda ya ce sun duba duk abin da zai iya maye gurbin Java ba su ga mai kyau ba, don haka sai an nemi lasisi. A ganin Oracle wannan ya nuna Google ya san kayan na da mai shi.

A watan Mayu na 2012 Alsup ya yanke hukunci cewa kalmomin kira hanyar aiki ce, don haka dokar haƙƙin mallaka ba ta kare su ba. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce tsara dubban sunaye rukuni-rukuni aiki ne na basira, kuma yana da mai shi. Sai magana ta koma kan wata ƙofa da dokar Amurka ta bari a buɗe, wato aron da doka ta yafe, irin wanda ke ba malami damar ɗauko 'yan layuka daga littafin wani don koyarwa. A 2016 mutanen gari da ake zaɓa su taya alƙali yanke hukunci suka ce abin da Google ya yi ya shiga wannan ƙofa. A shekarar ce kuma lauyar Oracle ta bayyana a kotu cewa Android ya kawo wa Google dala biliyan 31, riba a ciki biliyan 22. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta sake juya hukuncin, ta ce wanda ya ci irin wannan riba ba zai kira abin da ya yi aro ba. Daga nan sai Kotun Ƙoli.

Duniyar kasuwanci ta rabu biyu. Kamfanonin fina-finai da na waƙoƙi da masu buga littattafai suka goyi bayan Oracle, haka ma gwamnatin Amurka. Microsoft da IBM da ɗimbin malaman kimiyyar kwamfuta suka goyi bayan Google, domin a cewarsu sana'ar tun farkonta a kan aron kalmomin kira ta ginu. Har suka tuna wa Oracle cewa shi kansa da harshen SQL ya yi arziki tun 1979, harshen da masu bincike na IBM suka ƙirƙiro.

Hukuncin Kotun Ƙoli

An saurari shari'ar ta wayar tarho a watan Oktoba na 2020 saboda annobar korona, aka yanke hukunci ran 5 ga Afrilu, 2021. Alƙalai shida suka ba Google gaskiya, biyu suka saɓa. Mai shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta hukuncin, ya kwatanta kalmomin kira da totur ɗin mota. Duk direban da ke cikinmu zai gane misalin. Wanda ya koyi tuƙi a Peugeot yana iya shiga Toyota ya ja, domin totur na dama, birki na tsakiya, kuloci na hagu, alhali injin kowace mota daban yake. Da a ce wanda ya fara jera su haka zai hana kowa bin jerin, da sai direba ya koma koyon tuƙi duk ranar da ya canja mota.

Kotun ta auna abubuwa huɗu da doka ta tanada. Ta duba irin abin da aka ɗauka, ta ce darajar kalmomin kira ta fi zuwa ne daga wahalar da miliyoyin mutane suka sha wajen koyonsu. Ta duba abin da aka yi da su, ta ce Google ya gina sabon abu ne na wayar hannu, alhali Java ɗin da aka ɗauko daga cikinsa an tsara shi don kwamfutar tebur. Ta duba yawan abin da aka ɗauka, ta ce layi 11,500 cikin layi miliyan 2.86 bai wuce kashi 0.4 cikin ɗari ba. Ta kuma duba illar da aka yi wa kasuwar mai abu, ta ce akwai shaidar cewa kamfanin Sun bai kasance a shirye ya ci kasuwar manyan wayoyi ba, kuma barin Oracle ya kulle ƙofar zai cutar da jama'a.

Mai shari'a Clarence Thomas, wanda Samuel Alito ya mara wa baya, ya ce sam an zalunci Oracle. Ya kawo shaidar da aka bayar a kotu cewa bayan fitowar Android, Amazon ya sa an rage masa kashi 97.5 cikin ɗari na kuɗin lasisin da yake biya, kwangilar Samsung kuma ta faɗo daga dala miliyan 40 zuwa kimanin miliyan 1. Duk ɗan kasuwar da maƙwabcinsa ya taɓa karya masa farashi da kayansa ya san zafin wannan magana, kuma ba za mu ce ba ta da tushe ba.

Ya kamata a lura da abin da hukuncin bai faɗa ba. Bai ce kalmomin kira ba su da mai su ba, kotun ta tsallake wannan tambaya da gangan. Bai kuma halatta kwafe ainihin rubutun wani ba. Oracle ɗin nan ya kai kamfanin SAP na Jamus ƙara a 2007, saboda wani reshensa ya riƙa kwasar manhajoji da takardun Oracle ba izini. SAP ya amsa laifi, a 2014 aka rufe magana a kan diyyar dala kusan miliyan 357. Har ila yau hukuncin na Amurka ne kaɗai, ko da yake kotun Tarayyar Turai ta riga ta yanke a 2012 cewa aikin da manhaja ke yi da harshen da aka rubuta ta da shi ba sa cikin abin da haƙƙin mallakar manhaja ya kare.

Kyauta mai sharaɗi

Akwai kuma manhajar da mai ita ke cewa kowa ya ɗauka, amma da sharaɗi. A 1989 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya rubuta lasisin da ake kira GPL, wanda ya ce: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in kana so, amma in ka raba wa jama'a, dole ka buɗe rubutun gyaran da ka yi don na bayanka su amfana. A ƙarƙashin wannan lasisi ne manhajar Linux take, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Linux ɗin nan shi ne ginshiƙin da Android ke zaune a kai. Ke nan kowace wayar Android da muka sayar, akwai gumin dubban mutanen da suka bayar da aikinsu a kan wannan sharaɗi a cikinta.

Wanda ya ɗauki kyautar ya ƙi cika sharaɗin, a idon doka daidai yake da wanda ya ɗauka ba izini. A 2003 aka gano akwai Linux a cikin wata na'urar rarraba intanet ta kamfanin Linksys, ba tare da an buɗe rubutun ba. Aka matsa wa kamfanin har ya buɗe. A 2008 gidauniyar Stallman ta kai Cisco, wanda ya mallaki Linksys a lokacin, ƙara a kan irin wannan batu, aka sasanta a 2009.

Ga inda abin ya fi shafar mai shagon waya. Android kashi biyu ne. Gangar jikinsa kyauta ce, kowace masana'anta a Shenzhen ta ƙasar Sin na iya ɗauka ta sa a wayarta. Amma Play Store da Gmail da YouTube da taswirar Google ba sa cikin kyautar, sai masana'anta ta ƙulla yarjejeniya da Google, an kuma tantance wayarta. Mun ga bambancin a 2019, lokacin da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi: sababbin wayoyinsa suka fito da gangar jikin Android amma babu manhajojin Google, masu saye da yawa a wajen ƙasar Sin suka juya musu baya. Tun 2018 kuma Google ya fara toshe manhajojinsa a kan wayoyin da ba a tantance ba, waɗanda aka cusa musu su ta bayan fage.

A ƙasashenmu fa?

Kada wani ya ɗauka wannan doka ta Turawa ce kaɗai. Nijar da Cadi da Kamaru da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai kula da mallakar fasaha, wadda hedikwatarta ke Yawunde. An kafa ta da yarjejeniyar Bangi ta 1977, aka yi wa yarjejeniyar gyara a 1999 da 2015, kuma ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa kamar littafi. A Yamai akwai ofishin BNDA mai kula da haƙƙin marubuta da mawaƙa. Nijeriya da Gana ba sa cikin OAPI, kowace da tata doka. Ta Nijeriya sabuwa ce, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ita ma ta lissafa manhaja cikin rubuce-rubuce. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, haƙƙin mallakar rubutu ba ya jiran rajista. Da zarar mutum ya rubuta abinsa, haƙƙin ya tabbata.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, mai saro wayoyi ya kunna samfuri ya duba kafin ya biya kuɗin kwali. A cikin saitin Play Store akwai wurin da ke nuna ko Google ya tantance wayar. Arhar da ta wuce hankali takan zo da dalilinta, kuma ranar da YouTube ko Play Store ya ƙi buɗewa, mai saye ba Shenzhen zai nufa ba, shagonka zai dawo.

Na biyu, a yi hattara da manhajojin da aka farke aka sake ɗinkewa, irin su GB WhatsApp da yara ke tura wa juna a kasuwa. Waɗannan kwafi ne da wasu suka sauya ba da izinin mai su ba, kuma kamfanin WhatsApp ya sanar cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su. Ɗan kasuwar da duk abokan cinikinsa na Legas da Agadas da Kotonu ke kan lamba ɗaya, ya auna abin da zai rasa. Ban da haka, ba ka san wanda ya yi ɗinkin ba, ba ka kuma san abin da ya cusa a ciki ba, alhali a wayar nan kake karɓar saƙon banki. Haka batun yake ga Windows na jabu da ake zuba wa kwamfutar shago. Wanda kuɗin lasisi ya yi wa yawa, akwai Linux da LibreOffice, waɗanda masu su suka halatta wa kowa.

Na uku, yanzu da yawa daga cikinmu na ba matasa aikin rubuta manhajar lissafin kaya da bashi. A ce Alhaji ya biya yaro ya rubuta masa, bayan wata biyu ya ga irinta sak a shagon abokin gasarsa. Wa ke da gaskiya? A dokokin ƙasashe da yawa haƙƙin na wanda ya rubuta ne tun farko, kuma ba ya komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba lallai ya wadatar ba. Don haka tun kafin a fara, a rubuta a takarda: wa zai mallaki rubutun, za a miƙa wa mai shago ainihin layukan ko kuwa amfani kawai zai yi, kuma an yarda a sayar wa wani ko ba a yarda ba. A kuma tambayi mai rubutun abin da ya aro daga wasu, da sharaɗin da ke kansa.

Na huɗu, ga 'ya'yanmu da ke koyon wannan sana'a a Yamai da Kano da Zariya. Ba wanda ya hana su kallon aikin wani su koyi dabara, kuma ba wanda ya taɓa ƙwarewa ba tare da haka ba. Ita kanta atamfar da muke kira ta asali, masaƙun ƙasar Holan sun koyo dabararta ne a ƙarni na 19 daga rinin kakin zuma na mutanen tsibirin Java a Indonesiya, da ba ta karɓu a can ba suka juyo da ita Afirka ta Yamma. Sun ari dabara, suka zana nasu furanni. Abin da doka ta hana shi ne kwashe layukan wani a goge sunansa, ko a fita daga wurin aiki da rubutun ubangida a aljihu. Wanda zai ara ya karanta lasisi, ya cika sharaɗi, ya ambaci mai abu.

Google da Oracle suna da kuɗin da za su riƙe lauyoyi shekara 11. Mu ba mu da shi, takarda ɗaya da aka sa wa hannu tun farko ta fi mana arha. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.